Tururuwar Mma Mamunatu

Kullum idan ta sauke tukunyar koko ta ƙarshe, tun kafin ta wanke mataci, Mma Mamunatu takan ɗebi gero a tafin hannu ta zagaya bayan ɗakin girki. Can gindin katanga, inda siminti ya tsage ƙasa ta leƙo, akwai ramin tururuwa. Takan durƙusa da ƙyar, gwiwa ɗaya tukuna sannan ɗayar, ta barbaɗa geron a bakin ramin, ta zuba ido har sai ta farko ta fito ta ɗauki ƙwaya ta juya.

"Kun kwana lafiya, ma'aikata?" Haka take gaishe su.

Safiatu, mai ɗakin da ke kusa da famfo, ba ta iya ganin haka ta yi shiru. "Mma, mu da muke sayen kokonki ko gyara ba kya yi mana, amma ƙwari kullum sadaka."

"Su ba su taɓa ce mini koko ya yi tsami ba."

"To ki ba su ƙosai ma, su cika ciki."

"Ranar da suka fara surutu irin naki zan daina ba su geron ma."

Gidan nasu irin gidajen zangon Kumasi ne, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya, kwata ɗaya, rufin kwano ya yi ja da tsatsa. A nan Mamunatu ta tsufa, kuma ba nisa da nan aka haife ta. Kakanta ya zo daga ƙasar Nijar a bayan shanu, ya ga ruwan sama da bai taɓa gani ba, ya ƙi komawa. Matarsa ta biyo shi da ƙunshin kaya, a cikin ƙunshin akwai wani ɗan ludayi wanda bai fi rabin ƙwai ba. Wannan tsohuwar ce ta raini Mamunatu, ta koya mata dama koko da yaji, ta koya mata yi wa mai jego wanka, yadda ake tsoma ganyen dogonyaro a tafasasshen ruwa a kaɗa shi a jiki ba tare da an ƙona fata ba. Da za ta rasu ta bar mata ludayin.

Mamunatu ta auri Gariba, mai sauke kaya a kasuwar Kejetia, mutum marar yawan magana wanda buhunan albasa suka lanƙwasa tun da sauran ƙarfinsa. Sun haifi 'ya'ya, wasu sun tsaya wasu sun koma. Da Gariba ya rasu, tukunyar koko ce ta riƙe gidan. Direbobin torotoro, motocin haya na gari, da masu gyaran mota sun san teburinta a bakin masallaci, har Asantawa 'yan makwabta sukan zo da kofunansu su ce, "Maame, a cika." Tafin hannunta ya daɗe da daina jin zafi, tana iya ɗaukar garwashi ta mayar cikin murhu tana hira.

Amma ba koko ne ya sa ake rage murya idan ta wuce ba. Ludayin ne.

Idan mace ta haihu aka yi shakkar nononta, ko ya yi kaɗan, ko launinsa bai kwanta wa tsofaffi a rai ba, sai a aika a kira Mamunatu. Takan tatsi nonon a ɗan ludayin, ta saka tururuwa ɗaya a ciki. In tururuwar ta yi iyo ta kama gefe ta fita, nonon lafiya lau, a ba yaro. In ta mutu a ciki, nonon yana da cuta. Sai a janye yaro, a riƙa wanke ƙirjin uwar da jiƙon saiwa, a tatse a zubar, har ranar da za a sake gwaji. Kuma Mamunatu ba ta gwaji da kowace tururuwa sai ta raminta. Takan ce wadda ta ci geronta ba za ta yi mata ƙarya ba.

Ita ma ba ta ƙarya, kowa ya shaida. 'Yarta ta cikinta ma da tururuwa ta mutu a nononta, a gaban dangin miji Mamunatu ta faɗa, ba ta sassauta ba. Wannan yaron ya rayu da madarar gwangwani, yanzu har yana gyaran wayar hannu a unguwar Atonsu. Akwai waɗanda ba su rayu ba. Idan aka fito da ɗan ƙaramin likkafani, mata sukan taɓa haɓa su ce ai tun farko Mma ta gani, cutar nonon ta riga ta shige shi. Duk ƙaramin kabari sai ya ƙara mata kwarjini. Ba ta nemi haka ba, ba ta kuma taɓa tambayar kanta a kai ba.

Zamani ya rage mata aiki. Matan yanzu a asibiti suke haihuwa, su dawo da maganar nas a bakinsu. Sai dai a gidan da tsohuwa take da iko, har yanzu akan tuna da ludayin.

Irin wannan gidan Salwa ta shigo. 'Yar unguwar Buokrom ce, siririya, mai ɗinki, an aura wa Alidu ɗan Hajiya Rafia, waɗanda ke riƙe da ɗakuna biyu na ƙuryar gidan. Alidu direban motar albasa ne, rabin rayuwarsa a hanyar arewa take. Bisa al'ada haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, amma uwar Salwa ta rasu tun tana makaranta, don haka daga asibiti ɗakin uwar miji aka kawo ta, da ɗa namiji a naɗe cikin tawul. Alidu yana can bakin iyaka, an tsare motoci.

Mamunatu ce ta yi mata wankan farko. Da ta gama ta ɗauki jaririn ta ɗaga shi sama, kamar yadda tsofaffi ke yi da jikoki maza.

"Ga mijina ya iso. Kai, maigida, haka ake zuwa wajen amarya hannu wofi?"

Yaron ya buɗe baki ya tsala kuka, har akuyar makwabta ta amsa. Matan ɗakin suka yi dariya. Salwa ta kau da kai gefe, domin ɗan fari ne, kuma uwar ɗan fari ba ta kallonsa a gaban manya, ba ta nuna ta damu da shi. Sai bayan an watse ta jawo shi jikinta.

Washegari kukan bai tsaya ba. Hajiya Rafia, wadda yanar ido ta fara rufe mata gani amma kunnenta ke jin faɗuwar allura, ta zauna a bakin gado.

"Yaron nan yunwa yake ji. Matsa in gani."

Salwa ta matsa. Abin da ya fito ɗigo ne, ɗigo biyu, rawaya, mai kauri kamar ƙaro.

Hajiya ta kai fuskarta kusa. "Wannan ne abincin? Ko ɗan kyanwa ba zai ƙoshi ba. Kuma dubi launinsa."

"Hajiya, nas ta ce haka na farko yake. Ta ce in yi ta ba shi, zai zo. Ta ce kada a ba shi ko ruwa."

"Nas ɗin 'ya'ya nawa ta raina? Ni na raini Alidu da ƙannensa, ba da bakin nas ba." Ta ɗaga murya. "Safiatu! Leƙa ki ce Yaya Mamunatu ta zo da kayanta."

Mamunatu ta zo da ludayin a hannun dama, hannun hagu a dunƙule. Ta yi bismillah, ta tatsi abin da ya samu, bai ko rufe gindin ludayin ba. Ta buɗe hannu ta karkaɗe tururuwar a ciki. Yaron yana ta kuka. Tururuwar ta ɗaga ƙafa ɗaya, kaurin nonon ya riƙe ta. Ta ja, ta sake ja, ta kife. Ƙahonninta suka yi ta motsi, sannan suka daina.

"Innalillahi," in ji Hajiya. "Jikina ya ba ni."

"A janye shi," in ji Mamunatu. Ta dubi Salwa, muryarta ba kaushi. "Ba laifinki ba ne, jikata. Za mu wanke, za mu zubar, za ki sha abin da zan jiƙa miki. Kafin suna in sake gwadawa. In Allah ya so angona zai sha ya ƙoshi."

Salwa ta dubi uwar mijinta, ta sunkuyar da kai.

Aka koma ba yaron ruwan ɗumi da aka jiƙa dabino a ciki, da ɗan zamzam da Hajiya ta ajiye tun dawowarta daga Makka, ana ɗiga masa da ƙaramin cokali. An kawo maganar madarar gwangwani, Hajiya ta ce ai kwana kaɗan ne, kada a lalata masa ciki kafin nonon uwarsa ya gyaru.

Da la'asar ɗin ranar hadari ya taso daga wajen Kejetia. Ruwan Kumasi ba baƙo ba ne, amma wannan ya zo da niyyar zama. Ya daki kwano har magana sai da ihu. Ya tsagaita, mutane suka fito da bokitai, ya dawo. Kwata ta cika ta tumbatsa, jan ruwa ya malale tsakar gida yana yawo da ledoji da silifas marar ɗan'uwa. Ragon suna da aka ɗaure a ƙarƙashin rumfa ya tsaya cikin ruwa yana tari.

Da safe Mamunatu ta zagaya bayan ɗakin girki da geronta. Babu rami. Laka ta shafe wurin sumul, kamar ba a taɓa zama a can ba. Ta tona da tsinke, ruwa ya cika gurbin. Ta barbaɗa geron duk da haka, ta tsaya har zanenta ya jiƙe, sannan ta koma.

A ɗakin ƙurya kuwa nono ya zo. Ya zo da ƙarfinsa, fari, har ƙirjin Salwa ya yi tauri kamar dutse, rigarta ta jiƙe, zazzaɓi ya fara taɓa ta. Mamunatu takan zo safe da yamma ta gasa mata da ruwan zafi, ta tatse a kwano, ta fita ta juye a kwata. Farin yakan yi ɗan layi a kan jan ruwan, ya bi ta ƙarƙashin ƙofar gida ya ɓace.

"Kaka," in ji Salwa a hankali, ranar da Hajiya ta fita alwala, "ai yanzu ya yi fari. Ki gwada mana."

"Ma'aikatana ba su fito ba. Ruwa ya kore su."

"Akwai wasu a gwangwanin sukarin Safiatu."

"Waɗancan ɓarayi ne, ban san su ba. Yi haƙuri, rana za ta fito."

Rana ba ta fito ba. Geron da take zubawa ya kumbura a cikin laka, wani har ya fara tsiro.

Abin da ya fara sauyawa kukan ne. Da farko yana tashin gidan duka, Safiatu tana cewa wannan ladan za a yi. Daga baya ya koma siriri kamar na ɗan tsako. Daga baya sai an kasa kunne. Matan da ke zuwa barka suna karkaɗe lema a bakin ƙofa, su leƙa cikin tawul su yaba.

"Masha Allah, ko motsi ba ya yi."

"Zamzam ce," in ji Hajiya. "Ta kwantar masa da ciki."

Alidu yakan aiko saƙon murya daga bakin iyaka, ana jin ƙarar injuna a bayansa, yana tambayar lafiyar baƙo. Hajiya ta sa aka danna mata wayar ta amsa da kanta. "Ɗanka mai haƙuri ne kamar kakansa. Barci kawai yake. Kai dai ka iso kafin suna, an riga an yanko atamfar anko."

Salwa tana kwance fuskarta a bango. Ba ta da ikon ta ce komai game da yaron, kunya ta hana, amma duk wanda ya lura zai ga hannunta yana cikin tawul ɗin, a kan ƙirjinsa, ba ya fita.

Ana jibi suna, da hantsi, Mamunatu ta zo yi wa jaririn wanka. Ruwan saman ya koma yayyafi mai naci. Ta zauna a kujerar tsuguno, ta miƙe ƙafafu, ta karɓe shi. Hannun da ya ɗauki jarirai fiye da yadda za ta iya tunawa ya gaya mata tun kafin ido ya gani. Yaron ya yi sakayau, kamar an zare wani abu daga cikinsa.

Ta warware tsumman. A bushe yake.

"Yaushe aka canza masa?"

"Tun jiya da rana," in ji Salwa, ba ta juyo ba. "Bai jiƙa ba."

Mamunatu ta shafa kansa. Maɗigarsa ta faɗa ciki, har babban yatsanta ya zauna a gurbin. Leɓunansa sun bushe sun tsage. Ta ja fatar cikinsa kaɗan ta saki, fatar ta tsaya a tattare, ba ta koma ba. Ta buɗe idonsa, farin ya yi rawaya.

"Maigida," ta ce. "Kai, maigida. Amaryarka ce."

Bai yi kuka ba. Ko da ruwan ɗumi ya taɓa ƙafarsa bai yi ba.

Ta san wannan shirun. Ta taɓa riƙe shi a wasu ɗakunan, a wasu shekarun, kuma kullum ana cewa cutar nono ce ta riga ta shiga. Amma wannan yaron rabonsa da nonon uwarsa tun yana da muryar tashin gida. Abin da ya shiga cikinsa tun daga ranar, ita ta san shi, cokali ne na ruwan dabino. Ta dubi kwanon da ta tatse da safe, yana nan a gefen gado ba ta kai ga zubarwa ba, cike, fari, har ya yi ɗan kumfa a gefe.

Ta naɗe yaron ta miƙa wa Salwa. Ta tashi ta fita cikin yayyafin. A bayan ɗakin girki ta durƙusa, gwiwa biyu lokaci ɗaya, ta sa yatsu tana tona laka. Ta tona har farcenta ya karye. Tsiron gero, tsakuwa, guntun kwalba. Ko gawar tururuwa ɗaya babu.

Safiatu ta leƙo daga ƙofarta da murfin tukunya a ka. "Mma, zinariya kike nema?"

Mamunatu ta miƙe, ta nufi ɗauko ludayinta. Safiatu ta ga fuskarta, ta sauke murfin, ta bi bayanta.

Mamunatu ta shiga ɗakin Hajiya da ludayi a hannun dama, hannun hagu a dunƙule, laka har gwiwar hannu.

"Sun fito?" in ji Hajiya.

"Ɗaya ta fito."

Ta tatsi nonon, ya cika ludayin nan take har ya zubo mata a yatsu. Ta juya wa taga baya. Ta yi bismillah, ta kawo dunƙulallen hannun bisa ludayin ta buɗe. Salwa tana kusa, ta ga tafin hannun. Babu komai a ciki sai laka da layukan tsufa. Ta ɗaga ido, suka haɗa ido da tsohuwar, babu wadda ta ƙifta.

Hajiya ta matso tana ƙanƙance idanu. "Ina take? Ban gan ta ba."

"Ga ta can ta kama gefe. Ta fita." Mamunatu ta kaɗe bakin ludayin da yatsa. "Ta sauka ƙasa. Nono ya gyaru, Rafia. A ba shi."

Safiatu, daga bakin ƙofa, ta dubi ƙasa, ta dubi Mamunatu. Karo na farko a zamansu ba ta ce uffan ba.

"Alhamdu lillahi," in ji Hajiya. "Kin gani ko, Salwa? Da an bi ta nas ɗinki."

Salwa ba ta tsaya kunya ba. A gaban uwar mijinta ta rungumo ɗanta ta kai shi ƙirji, tana kiransa da sunayen da ba wanda ya san ta raɗa masa. Nonon ya ɗiga a leɓensa. Bakin bai kama ba. Ta gyara shi, ta sake kaiwa. Farin ya gangara ta gefen kumatunsa ya shige kunne.

"Kaka, ba ya ja. Kaka!"

Mamunatu ta goge yatsa a zanenta, ta tsoma a ludayin, ta sa masa a kan harshe. Suka jira. Rufin kwano yana ta ɗiga a waje. Can harshen ya motsa, kaɗan, kamar ganyen da iska ta taɓa ta fasa. Maƙogwaron ya yi ƙoƙari sau ɗaya.

"Tashi ki sa mayafi," in ji Mamunatu. "Safiatu, fita titi ki tare mana tasi. Asibiti za mu."

"Wane asibiti?" Hajiya ta miƙe. "Yaya Mamunatu, yaron da ba a raɗa wa suna ba za ki fitar cikin ruwa? Mai jego ɗanya za ta taka waje? Ke da kanki kike hana wasu. Ba ga shi kin ce nono ya gyaru ba? A bar shi ya farka, zai sha."

"Ba barci yake ba."

"Me zan ce wa ubansa? Me zan ce wa mutane, ga rago a ɗaure?"

"Ki ce ni ce."

Mamunatu ta karɓi yaron daga hannun uwarsa. Ta naɗe shi a tawul, ta ƙara da mayafinta, ta manna shi a ƙirjinta da ya daɗe da bushewa. Ta kai kunne kusa da hancinsa, ta daɗe a haka. Abin da ta ji, ba ta faɗa wa kowa ba.

Ludayin yana ƙasa inda ta ajiye shi, ya karkace, nonon yana bin tsagar siminti a hankali zuwa ƙarƙashin gado. Hajiya ta yi nuni da shi.

"Kayanki fa?"

Mamunatu ba ta waiwaya ba. Ta sunkuya ta rufe kan yaron da haɓarta, ta ɗaga labule da kafaɗa, ta fita.